Giyar ƙanƙara

Giyar ƙanƙara wata giyar inabi ce mai tsananin zaƙi da ake yi da inabin da sanyin hunturu ya daskarar tun yana jikin itacensa. Jamusawa da mutanen Ostiriya suna ce mata Eiswein, a Kanada kuma Icewine. Tana sa maye kamar sauran giya, dan haka Musulunci ya haramta shanta.

Yadda ake yinta

Manomi ba ya tsinke inabin lokacin da kowa ke tsinka, sai ya barshi a gona har Disamba ko Janairu yana jiran sanyi. Dokar Jamus ta ce sai sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, ta Kanada kuma digiri 8. Ruwan cikin inabin ne ke daskarewa, sukari da tsamin kam ba sa daskarewa, to in an matse shi a haka ƙanƙarar sai ta tsaya cikin injin matsa, ɗan ruwa mai kauri ya fito. Galibi da dare ko da asuba ake tsinka kar rana ta narkar da shi. Ruwan kaɗan ne ƙwarai, kuma yis na shan wahala kafin ya tsima shi saboda yawan sukari, har watanni yake ɗauka, shi ya sa take da tsada kuma a ƙaramar kwalba mai mililita 375 ko 200 ake sayar da ita.

Tarihi

Ana cewa an fara yinta a yankin Franken na Jamus wajen 1794, amma labarin da ya fi inganci shi ne na ƙauyen Dromersheim kusa da Bingen a Fabrairun 1830. Inabin 1829 bai yi kyau ba, manoma suka barshi a gona da niyyar ba dabbobi, sai suka tarar ruwansa ya yi zaƙi sosai bayan ya daskare. Shekaru da dama bayan nan abun sa'a ne kawai, sai daga wajen 1961 aka riƙa yinta da gangan, a 1982 kuma dokar Jamus ta ba ta matsayinta daban.

Kanada ta shigo a makare amma yanzu ita ce kan gaba a duniya, dan sanyinta ba ya saɓa alkawari. Walter Hainle ne ya fara a kwarin Okanagan a farkon shekarun 1970. A Niagara ta jihar Ontario, Karl Kaiser na kamfanin Inniskillin ya bar inabinsa a 1983 tsuntsaye suka cinye tas, a 1984 ya rufe shi da raga ya dace. Giyarsu ta inabin Vidal ta 1989 ta ci babbar lambar yabo a baje kolin giya na Vinexpo a birnin Bordeaux na Faransa a 1991, daga nan duniya ta san su.

Ɗanɗano

Masu ɗanɗana ta ba zaƙin kaɗai suke dubawa ba, tsamin ne ma'auni, in babu shi zaƙin sai ya gundure baki. Ta inabin Riesling ta fi tsami da ƙamshin lemo, ta Vidal tana kawo ƙamshin zuma, mangwaro da abarba, ta inabin Cabernet Franc kuma ja-ja ce. Da sanyi ake zuba ta, kaɗan a ƙaramin kofin gilas bayan cin abinci, ita kaɗai ko da cuku mai gishiri, kuma ba a haɗa ta da abun da ya fi ta zaƙi.

Taƙaddama

Wasu na daskarar da inabi a firiza, Kanada da Jamus ba su yarda a sa wa wannan sunan ba. Ɗumamar yanayi ma na cutar da manoman Jamus, a kakar 2019 kusan babu wanda ya samu sanyin da doka ke buƙata.