Hadana: me ake nufi idan an ce an wuce da jariri can?

A asibitocin haihuwa na Makka da Jidda da Madina akwai kalmar Larabci da ke sa cikin mai jego ya ɗuri ruwa tun ba ta gama dawowa hayyacinta ba. Ma'aikaciyar jinya za ta leƙo ta ce an wuce da yaro hadana, ta juya. Kafin a ce kwabo waya ta kai Kano ko Damagaram cewa an sa jariri a kwalba, gida ya kaure da salati. Alhali kalmar ita kaɗai ba ta nuna girman matsalar. Wanda zai kwana biyu a ƙarƙashin fitila saboda shawara hadana aka kai shi, wanda inji ke yi wa numfashi shi ma hadana yake. Tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

A asibiti abu biyu ake kira hadana: akwatin nan mai haske da ake kwantar da jariri a ciki, da kuma sashen da akwatunan suke. Sashen hawa-hawa ne. Akwai ɗakin da ake ajiye yaro don a sa masa ido na 'yan sa'o'i, akwai na masu buƙatar iskar oksijin kaɗan ko ciyarwa ta bututu, sannan akwai na can ciki, wanda ake kira inaya murakkaza, a ƙofarsa za ka ga an rubuta NICU. Don haka tambayar farko da ya kamata uban yaro ya yi ita ce: wane ɗaki, kuma me ya kai shi?

Shi akwatin ba magani ba ne. Aikinsa ɗumi da laima, ya riƙe zafin jikin yaro tsakanin digiri 36.5 da 37.5, domin jaririn da bai yi kitse ba sanyi na kama shi ko da manya na gumi, balle a ƙasar da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Wani likitan haihuwa na Faransa, Stéphane Tarnier, shi ya shigo da irinsa asibiti a birnin Paris wajen 1880, bayan ya ga injin ƙyanƙyasar kaji. Sashe na musamman irin na yau kuwa a 1960 Louis Gluck ya buɗe shi a asibitin jami'ar Yale da ke Amurka.

Waɗanda suka fi cika ɗakin su ne bakwaini, wato duk wanda aka haifa ciki bai cika mako 37 ba. Larabawa na ce musu khudaj. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020, kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma. Babbar matsalarsu huhu. Akwai wani sinadari mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan huhu manne wa juna idan an fitar da numfashi, kuma ba ya wadata sai ciki ya kai wajen mako 34 zuwa 36. Shi ya sa idan naƙuda ta taso da wuri ake yi wa uwa abin da matan nan ke kira allurar huhu, idan yaro ya iso kuma akan zuba masa sinadarin ta bututu. Maganar da tsofaffinmu da na Larabawa suka haɗu a kai, wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa, ba ta da tushe. Kowane mako da yaro ya ƙara a ciki riba ce.

Amma wanda ya fi ruɗa iyaye shi ne yaron da watanninsa suka cika, ƙato da shi, aka kuma wuce da shi a guje. Wannan galibi wahalar haihuwa ce ta taɓa shi. A ciki yaro ba da huhu yake samun iska ba, ta mabiya da igiyar cibiya take zuwa masa. Duk abin da ya tare wannan hanya ya tare numfashinsa: doguwar naƙuda, mabiya ta ɓamɓaro kafin haihuwa, cibiya ta riga kai fitowa ta matse, tsohon ɗinkin tiyata ya buɗe, ko hawan jinin masu ciki ya kai uwa ga jijjiga. Ciwon suga na masu ciki, wanda ya yi yawa a Saudiyya, yana sa yaro ya yi girman da kai zai fito kafaɗa ta maƙale, bayan an haife shi kuma sugan jininsa ya faɗi. Likita zai taƙaita duk wannan da cewa naƙs oksijin, ƙarancin iska.

A takardar haihuwa za a ga lamba biyu a gaban kalmar Apgar, misali 4 da 8. Sunan wata likita ce 'yar Amurka, Virginia Apgar, da ta tsara ma'aunin a 1952. Ana duba launin fata, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi da yadda yaro ke amsa taɓi, a ba da maki daga 0 zuwa 10 a minti na farko da na biyar. Lambar farko ta yi ƙasa ba abin tashin hankali ba ne idan ta biyu ta hau, don kusan jariri ɗaya cikin goma sai an ɗan taimaka masa kafin ya ja numfashin farko. Wanda ake damuwa da shi shi ne wanda minti goma suka wuce ana ta busa masa iska, jikinsa laƙwas, ko ya fara fizge-fizge.

Ga irin wannan yaro akwai maganin da sunansa kawai kan sa kakanni su ƙi yarda: tabrid, sanyayawa. Dalilinsa shi ne ɓarnar da ƙarancin iska ke yi wa ƙwaƙwalwa ba ta tsayawa lokacin da iskar ta dawo. Tana ci gaba na sa'o'i, kamar tukunyar da aka sauke daga wuta amma ba ta daina tafasa nan take ba. Sai a kwantar da yaro a kan wata shimfiɗa mai ruwan sanyi a cikinta, a sauko da zafin jikinsa zuwa digiri 33.5, a riƙe shi a haka sa'a 72, sannan a ɗumama shi sannu a hankali. Manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2005 da 2009 sun nuna hakan na rage mutuwa da naƙasa. Sharaɗinsa mai tsauri ne: a fara cikin sa'a 6 da haihuwa. Idan wannan ƙofa ta rufe, ba kuɗi ba alfarma da za su buɗe ta.

Nan ne nake jin zafin abin da ke faruwa a wasu gidajenmu. Saboda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ko tsoron kuɗin asibiti, mace na kwana tana naƙuda a ɗaki a hannun ungozoma, sai abu ya gagara a nemi mota. Yaro ya faɗo bai yi kuka ba, a yayyafa masa ruwan sanyi, a kaɗa masa kwano a kunne, a ce a jira ya huta. Sa'o'in nan shida a haka suke ƙonewa. Kada kuma wani ya ji batun tabrid ya ɗauka ruwan sanyin ya yi daidai. Sanyin da ba na'ura ke auna shi ba kashe jariri yake. Ko a asibiti ma, wani babban gwaji da aka yi a Indiya da Sri Lanka da Bangladesh, aka fitar a 2021, ya nuna a can sanyayawar ba ta amfana ba, har mace-mace suka ƙaru. Abin da ke hannun mai karɓar haihuwa shi ne ta goge yaro da busasshen zane, ta murza bayansa, ta lulluɓe shi, wani kuma ya kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997 tun ba a kai ga haka ba.

Akwai kuma "ya sha ruwa", wanda kusan kowace mai jego ta taɓa ji. Abu biyu ake nufi da shi. Na farko ruwan da ke cikin huhu ne bai gama tsotsewa ba, ya fi faruwa ga wanda aka ciro ta tiyata ba a yi naƙuda ba. Yaro zai yi ta haki, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya wuce. Na biyu ya fi nauyi: yaro ya wahala a ciki har ya yi kashin farko, baƙi-baƙin nan mai danƙo, ya shaƙe shi. Shi ya sa idan faya ta fashe aka ga ruwan kore, ba a jiran gari ya waye. Idan kuma ta fashe aka wuce sa'a 18 ba a haihu ba, akan riƙe yaro a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyu kafin sakamakon jini ya fito.

Shawara, da ake ce wa safar a nan, ita ce mafi sauƙi, fitila mai shuɗin haske ke maganinta. Rana ta taga da ruwan suga ba sa yi. Sai dai mu baƙar fata, kamar Larabawa da yawa, muna da gadon ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda a nan suke dangantawa da cin waken ful. Jaririn da ke da shi, ƙafur ɗin da aka ajiye kayan haihuwa da shi ko lallen da aka shafa masa na iya farfasa masa jini, shawarar ta hau ƙwaƙwalwa. Idan ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin ƙafa, ko yaro ya ƙi kama nono, a koma asibiti a daren.

Ranar da aka fara barin uwa ta shiga, za a sa ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu har gwiwa. Za ta tarar da ɗanta daga shi sai ƙyallen fitsari, jan haske na ƙyalli a tafin ƙafarsa, siririn bututu a hanci, wani a cibiya, allo na ta ƙara a kansa. Yawancin ƙarar nan motsi ne ya zame da waya. A kalli fuskar ma'aikaciyar jinya kafin a kalli allo. A ɗakin nan da giram ake lissafin nauyi, nono kuma da sirinji. Za ka ji tsohuwa a bakin ƙofa tana cewa, "Daktora, wannan ɗigon ne abincinsa?" Shi ne kuwa, Hajiya, cikin nasa bai fi haka ba tukuna.

Uwa tana da aikin da babu injin da zai yi mata. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar wai bai da kyau, shi ne abin da likitoci suka fi nema, don nonon uwa na kare bakwaini daga wani mugun ciwon hanji da ke kashe su. Ta fara tatsa cikin sa'o'in farko, sau takwas a kwana da wuni, ko da ɗigo biyu ke fita. Na biyu shi ne ɗora yaro tsirara a ƙirjinta a lulluɓe su tare. A birnin Bogota na Kolombiya aka fara wannan a 1978 saboda ƙarancin akwatuna, sai aka ga ya wuce dabarar talaka. Wani bincike da aka yi a Najeriya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Indiya, aka wallafa a 2021, ya nuna fara shi nan take ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Uba ma yana iya yi. Idan wankan jego da zaman ɗaki za su hana mace zuwa asibiti kullum, to wankan ne zai jira.

Sai batun da ke kawo saɓani da dangi. "Yaya, yanzu a kwalbar za a yi suna?" Raɗa suna ba ya buƙatar a ɗauko yaro, ya ma tabbata cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. A yi yanka idan da hali, aski da taro su biyo baya. Kiran salla a kunne ba wanda zai hana uba idan ya nemi izini. Amma zamzam da rubutu da zuma da dabinon da aka tauna, kada a saci jiki a ɗiga wa yaron da ke da bututu a maƙogwaro ko bai iya haɗiya ba, huhu za su wuce. Zuma kam ba a ba jariri sai ya shekara.

Uba kuma kada tashin hankali ya mantar da shi takardu. Ya karɓi shaidar haihuwa ta asibiti, ya kai wa wurin aikinsa a sa yaro cikin ta'amin, wato inshorar lafiya, da wuri, domin inshorar uwa kwana 30 kawai take ɗaukar jariri, kwanan inaya kuma ba arha ba.

Ba a sallamar yaro don ya kai wani kilo kawai. Sai ya iya numfashi da kansa, ya sha da baki, ya riƙe ɗumin jikinsa a gadon da ba murfi, nauyinsa na hawa. Ga bakwaini wannan kan zo kusa da ranar da aka yi tsammanin haihuwarsa tun farko. Za a ba da ranakun dawowa don gwajin ji, da duba ido ga ƙanana sosai, tunda jijiyoyin idonsu kan tsiro ba daidai ba har su kai ga makanta idan ba a gani da wuri ba. Wanda aka sanyaya kuma za a yi masa hoton ƙwaƙwalwa, a ci gaba da bibiyar zamansa da rarrafensa da maganarsa. Wajen auna waɗannan, daga ranar da ya kamata a haifi yaro ake ƙirga har ya kai shekara biyu: wanda ya zo wata biyu kafin lokaci, idan ya cika wata shida ana sa ran ya yi abin da ɗan wata huɗu ke yi.