Wayne Gretzky

Wayne Douglas Gretzky, wanda ake yi wa laƙabi da The Great One, tsohon ɗan wasan hoki na ƙanƙara ne ɗan ƙasar Kanada. An haife shi ranar 26 ga Janairu 1961 a garin Brantford na lardin Ontario. Mahaifinsa Walter ne ya fara koya masa wasan tun yana ɗan shekara biyu zuwa uku, a filin ƙanƙara da ya shirya masa a bayan gida.

Zamanin Edmonton

Ya shiga wasan ƙwararru a 1978 da ƙungiyar Indianapolis Racers, aka sayar da shi ga Edmonton Oilers bayan wasa takwas kacal. Da Oilers ta shiga gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a 1979, wasu sun ɗauka siririn yaron ba zai jure gogayya da manyan ƙatti ba. Abin da ya fi su da shi kuwa shi ne hangen wasa. Yakan tsaya a bayan raga, inda masu tsaron baya ba su saba bin ɗan wasa ba, daga can ya raba wa abokansa ƙwallo. A kakar 1981–82 ya ci ƙwallo 92, 50 daga ciki a wasanni 39 na farko. A kakar 1985–86 ya tara maki 215 (wato jimillar ƙwallayen da ya ci da taimakon cin ƙwallo da ya bayar), wanda har yau babu wanda ya kai shi. Ya ɗaga kofin Stanley na zakarun gasar sau huɗu: 1984, 1985, 1987 da 1988, ya kuma lashe kyautar Hart ta gwarzon gasa sau tara.

Komawa Amurka

A ranar 9 ga Agusta 1988 aka mayar da shi Los Angeles Kings, abin da ya girgiza Kanada. Ana saɓani kan dalilin cinikin, amma mafi yawa suna danganta shi da matsin kuɗi na mai ƙungiyar Oilers, Peter Pocklington. Zuwansa ya ƙara wa wasan farin jini a Kalifoniya. Daga baya ya buga wa St. Louis Blues da New York Rangers, ya yi ritaya a 1999.

Tarihin da ya bari

Ya bar gasar da ƙwallo 894, taimakon cin ƙwallo 1,963, jimillar maki 2,857. Ko da a ce bai taɓa cin ƙwallo ɗaya ba, taimakon da ya bayar kaɗai ya zarce makin kowane ɗan wasa a tarihin NHL. A 2000 gasar ta janye lambarsa ta 99 daga duk ƙungiyoyi. Alexander Ovechkin ya wuce shi a yawan ƙwallo a Afrilun 2025.

Ya horar da Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009.