Ɗinkin rigar yaro a gida (taguwa mai rara)

Taguwa mai rara riga ce da ake ɗinka ma yaro da ɗan ƙari a ɓoye, yadda in ya ƙara tsawo sai a warware a sake mishi ita ba sai an sayi sabon yadi ba. A Sakkwato mata da yawa na yinta a gida da keken ƙafa, irin su Butterfly da tsohuwar Singer ɗin nan ta gado, wasu ma da allura da zare kawai, musamman gab da sallah lokacin da teloli ba su da lokacin kowa.

Dalilin rarar shi ne yaro daga shekara 4 har ya kusa balaga yana ƙara tsawon kamar santimita 5 zuwa 6 duk shekara, wajen inci 2 kenan, kuma tsawo ya fi yi akan faɗi, shi ya sa riga take fara ɗagewa a ƙasa da hannu tun ƙirjin bai matse ba.

To a nan ne masu koyo ke kuskure, sai a zabga riga gaba ɗaya wai zai girma ya cika ta, kafaɗa ta zubo har damtse, wuya ya buɗe, yaro yana tafiya kamar an rataya buhu, kafin ya cika ta ma ta koɗe. Kafaɗa da wuya daidai jiki ake yanka su. Rarar a kalmasa take, a bar inci 2 ko 3 a ƙasa a ninke ciki, a bakin hannu inci 1 da rabi, gefe da gefe kuma inci ɗai-ɗai. Kalmasar a yi ta da dogon ɗinki dan reza ta samu shiga ranar warwarewa, in aka yi mai ƙanana yadin ne zai huje.

Wuya kuwa, kan yaro babba ne akan jikinshi, dan haka ana tsaga gaba kamar inci 4 a sa aninai biyu ko uku, in ba haka ba kullum sai an yi kuka wajen sa riga.

Yadi ɗaya inci 36 ne, ƙaramin yaro yadi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi riga. Na auduga ya fi, zafin Sakkwato a Afrilu yana wuce digiri 40, mai roba-roba ƙuraje kawai yake jawowa. Amma auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, sai a jiƙa ta bushe a goge kafin a sa almakashi.

Matsala ɗaya, in an saki kalmasa layin tsohon ninki yana fitowa fari-fari, ya fi yawa a yadi mai duhu da aka sha shanyawa a rana. Wasu sukan bi kanshi da zare mai launi ya zama kamar ado, wasu su ɗora siririn ƙyalle daga ragowar yadin, shi ya sa ake ajiye guntayen da suka rage ranar yanka.