Kai ƙananan yara gidan ramen a Japan: tambayoyin da aka fi damuna da su

Tunda muka zo Japan, duk wanda zai taho da iyali, ɗalibi ne ko mai zuwa ganin gari, sai ya nemi ni da maganar abinci, kuma duk inda zancen ya zaga ƙarshe kan ramen yake sauka saboda shi ake ta gani a bidiyo, tururi na tashi mutum na zuƙar taliya kamar ba gobe. Yarana biyu, babbar shekararta 5, ƙaramin bai cika 3 ba, to na sha kai su kuma na sha kunya. Ga dai abin da nake ce wa mutane.

Wai shi ramen ɗin nan ba indomi ba ne kawai aka canza wa suna?

'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba. Ramen taliyar alkama ce da ake kwaɓawa da wani ruwa da suke kira kansui, kusan aikin kanwa yake yi, shi ke sa ta yi rawaya-rawaya ta yi danƙo a baki. Asalinta daga 'yan Chaina ta shigo, kuma shagon da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Rairaiken da aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910. Ita kuma ta leda mai saurin dahuwa, Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958, ya ƙaro ta kofi a 1971, to indomin da yaranmu ke kuka a kai jikar wannan ce. Bambancin shi ne a shago romon ne komai. Wani sai ya kwana yana tafasa ƙashi. Akwai shoyu mai ruwan waken suya, akwai shio na gishiri, akwai miso mai tsimammen haɗin waken suya da aka san Sapporo da shi, sai tonkotsu na Fukuoka wanda fari ne kamar madara. Riƙe sunan nan na ƙarshe, za mu dawo kansa yanzu.

To ya maganar halal? Za mu iya shiga kowane shago?

A'a wallahi, kuma nan ne na fi so a tsaya a saurara. Tonkotsu ma'anarsa ƙashin alade, shi ake dafawa har ya narke ya zama farin romon nan. Amma ba shi kaɗai ba ne matsalar, kuskuren da baƙi ke yi shi ne su ga an rubuta ramen na kaza su ce shikenan an tsira. Ba a tsira ba. Shago da yawa suna haɗa ƙashin kaza da na alade a tukunya ɗaya, yankan naman da ake ɗorawa a sama wanda suke kira chashu kusan kullum alade ne, man da ke yawo a saman romon sau da yawa kitsen alade ne, sannan haɗin da ake zubawa a ƙasan kwano kafin romo, wanda da Japananci suke kira "tare", ana yawan sa masa sake ko mirin, duka biyun giyar shinkafa ce. Har dafaffen ƙwan nan mai launin ƙasa-ƙasa da yara ke so, cikin mirin ake jiƙa shi. Gyoza, 'yan ƙunshin fulawa masu nama a ciki, da soyayyar shinkafa da mutum zai ce bari in saya wa yara su ci wannan, su ma alade ne a ciki a yawancin wurare. Ita kanta kazar kuma sai a yi maganar yanka.

Cire naman daga sama ba ya gyara komai, romon ya riga ya gama aiki.

Abin da muke yi shi ne mu nemi shagon da dama don Musulmi aka buɗe shi. A Tokyo akwai Ayam-Ya a Okachimachi, ba nisa da masallacin As-Salaam, sai ka yi sallah ka gangaro. Akwai Honolu a Ebisu mai romon kaza mai kauri da suke kira tori paitan, akwai Naritaya a Asakusa. Akwai kuma T's Tantan a cikin tashar jirgin Tokyo, su ba nama ba ƙwai ba madara kwata-kwata, sai dai mai tsantseni kan mirin ya tambaya. Kafin ka ɗebo yara ka hau jirgi ka duba a waya ko shagon na nan kuma a buɗe yake ranar, shagunan ramen suna tashi suna komawa wani wuri kamar masu shayi. Kuma ka haddace wannan harafin 豚, alade ke nan, buta ake karanta shi (eh buta, mu ma mun yi dariya). Tambayar ita ce "buta wa haitte imasu ka?" wato akwai alade a ciki?

Suna ma barin yara su shiga kuwa? Na ga wuraren ƙanana ne.

Yawanci ba a hana su, amma gaskiya ba don su aka gina wurin ba. Shagon ramen na gargajiya kanta ce doguwa da dogayen kujeru marasa majingina kamar takwas ko goma, mutum ya shigo shi kaɗai, ya ci cikin minti goma sha biyar, ya miƙe, na kan layi ya zauna. Da yawan masu shiga da fita mai shago ke cin riba. To ke kuma kin zo da ɗan shekara biyu da sai an yi ta lallashi kafin ya buɗe baki.

Mun taɓa yin wannan kuskuren farkon zuwanmu, wani ɗan shago mai kujera tara, ƙarfe goma sha biyu da kwata, ma'aikatan ofis sun yi layi har waje cikin baƙaƙen kwat. Na ɗora yaron a cinya, kwanon na gabana yana tururi, shi kuma hannunsa kawai yake miƙawa wajen cokali, ni da hannu ɗaya na riƙe shi da ɗaya ina tura kwanon nesa, maigida can ƙarshen kanta saboda ba mu samu kujeru a jere ba yana fama da babbar. Babu wanda ya ce mana uffan, ai su ba sa magana, amma mutum uku suka ci suka tashi a kujerar gefena ni ko rabi ban yi ba, taliyar ta kumbura ta shanye romon. Na fito da yunwata.

Saboda haka ki leƙa ta gilashi tukun. In kin ga tebura, ko ɗan dandamalin nan mai tabarmar tatami da ake cire takalmi a zauna a ƙasa, zashiki ko koagari suke cewa, to nan ne wurinku, yaro ba inda zai faɗo. Shagunan cikin manyan kantuna da na gefen titi a bayan gari masu wurin ajiye mota su ne suka saba da iyali, suna da kujerar yara da ƙananan kwanukan roba. Irin su Ramen Jiro kuwa da ake cika kwano kamar dutsen Dala kuma ana so ka gama da sauri, ko da babu maganar alade ba wurin yaro ba ne. Haka Ichiran da kowa ke zama a ɗan akurkinsa da katako a tsakani.

Wani abu kuma, tun Afrilun 2020 doka ta hana shan taba cikin gidajen abinci, amma an bar wa wasu ƙananan tsofaffin shaguna dama, su kuma wanda bai kai shekara 20 ba ba ya shiga. Akwai alama a ƙofa.

Wane lokaci ya fi?

Da an buɗe, wajen 11 ko 11 da rabi, ko kuma bayan ƙarfe 2. Tsakanin 12 da 1 kam a haƙura. Sai dai da yawa suna rufewa wajen 3 sai yamma su sake buɗewa, wasu ma da romo ya ƙare sun rufe ke nan.

Injin nan na bakin ƙofa fa? Kuma sai na saya wa kowane yaro kwanonsa?

Injin tikiti ne, nan ake biya tun kafin a zauna. Ka sa kuɗi, ka danna abin da kake so, ɗan tikiti ya faɗo, ka miƙa wa mai dafawa. Maɓallin sama ta hagu yawanci shi ne abin da shagon ke tinƙaho da shi. Ka zo da tsabar kuɗi, takardar yen 1,000 ta fi, da yawa ba sa karɓar kati, kuma da aka fito da sabbin takardun kuɗi a Yulin 2024 tsofaffin injina sun yi ta tofo su waje. Kwano ɗaya yana kamawa wajen yen 1,000, ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Shawarata ku gama yanke abin da za ku ci tun kuna layi, kada ka tsaya gaban inji yara na rigimar waye zai danna mutane na jira a bayanka.

Maganar kwano, akwai shagunan da ke da dokar kowane mai zama ya sayi nasa, amma ƙananan da ba su shiga firamare ba galibi ana ɗaga musu ƙafa. Ka tambaya kawai. Mu abin da muke yi, in sayi babban kwano, oomori, in ce "torizara kudasai" su ba ni ɗan ƙaramin kwano in ɗibar wa ƙaramin. Ita babbar yanzu ta fara cewa ita ma nata take so, to inda akwai na yara, okosama setto, ko rabin kwano, sai a saya mata. In kun tare kujera huɗu da kwano biyu, kyautatawa ce ku ƙara ɗan wani abu ko shinkafa ce.

Ya kike ba ƙaramin? Ba ya ƙona shi?

Romon ramen ya fi yadda ido ke gani zafi, saboda man da ke sama yana rufe tururin, sai ka ɗauka ya huce alhali wuta ce. In za a kawo kwano ki janye yaro tukun, a ajiye shi nesa da hannunsa. Ni taliyar kawai nake tsamowa in sa a ƙaramin kwano, in datsa ta gajeru-gajeru, in ɗan zuba romo cokali biyu sai in ƙara ruwan sanyin da ke kan tebur, kyauta ne, wani wurin ma da kanka za ka ɗebo. Ruwan na hucar da ita kuma yana rage gishiri. Akwai ɗan almakashin yanka taliya na yara a shagunan yen ɗari irin su Daiso, da gidansa, kullum yana jakata tare da cokali mai yatsu na roba don ba ko'ina ke da shi ba. In shagon na da tsukemen, wanda ake kawo taliya daban a sanyaye romo daban, ya fi min sauƙi da yara nesa ba kusa ba.

Ki ce a ba ku kami epuron, ƙyallen takarda ne na ɗaurawa a wuya, manya ma suna sawa. Ni dai har mayafina ya sha ɗigon romo.

Ba illa ga lafiyarsu?

Gishirin ne abin dubawa. Kwano ɗaya in aka shanye har romo yana kai giram 5 zuwa 7 na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ma kada ya kai giram 5 a yini, yaro kuma ƙasa da haka. Shi ya sa ba na barin su kurɓi romon kamar kunu, kuma ba abincin kullum ba ne, mu sau ɗaya ko biyu a wata. Jaririn da bai shekara ba kuwa ki taho masa da abincinsa, ki nemi izini kafin ki buɗe, ba su cika hanawa ba.

Sai abin da ke maƙalewa a wuya. Wasu shagunan na sa ƙwan salwa, ɗan mitsitsi mai santsi, daidai maƙogwaron yaro. A Fabrairun 2024 wani yaro ɗan aji ɗaya ya rasu a Miyama ta jihar Fukuoka bayan ƙwan salwa ya shaƙe shi a abincin makaranta, tun daga nan ni ko na kaza sai na raba shi huɗu. Nori, busasshen ganyen teku da ake sawa a kan ramen, shi ma in ya jiƙe yana mannewa a dasashi, sai ki yayyaga shi.

In yaro na da abin da jikinsa ba ya so, alkama ko ƙwai ko gyaɗa ko jatan lande, to ki sani dokar da ta tilasta rubuta waɗannan a kan abincin leda da gwangwani take aiki, ba ta hau kan gidajen abinci ba. Sai kin tambaya da baki, ko ki rubuta da Japananci a waya ki nuna. Irin ramen ɗin da ake kira tantanmen yana da riɗi sosai wani har da gyaɗa, ga yaji.

Akwai abin da za mu yi su ga ba mu da tarbiyya?

Zuƙar taliya da ƙara ba laifi ba ne a nan, abin da ake kwaɓar yaro a kai a gida shi kowa ke yi, 'yata ta fi kowa murna da wannan. Abin da ba sa so shi ne a soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don haka ake yi wa mamaci, da yaro ya riƙa zagaye shago alhali ana wucewa da kwanukan romo, da kunna kartun a waya da ƙara. In ya fara kuka ɗayanku ya fita da shi ɗayan ya ci, sai ku yi canji, mu mun mayar da shi tsari ma, maigida ya fara ci da sauri ni ina ba yara, ya gama ya karɓe su. Taliyar da ta zube ƙasa ki tsince da tishu, ki goge tebur, in kanta ce a ɗora kwano a saman kantar. Ba a ba da tukuici, in ka bar canji sai su biyo ka da shi har titi. Da za a fita a ce "gochisousama deshita", wato mun gode da abinci, in yaro ne ya faɗa sai ka ga mai dafawar da tun ɗazu fuskarsa ke murtuke ya washe baki.

Keken yaro da canjin famfas fa?

Ƙaramin shago ba shi da wurin keke, sai dai a naɗe a jingine a waje, ba a cika taɓawa ba amma ki ɗauke jakarki. Ni goyo na fi yi in za mu irin wuraren nan, sai dai ki kula lungun bayan kujeru matsattse ne kada kan yaro ya bugi wani abu. Banɗakinsu kuwa wani ko juyawa da ƙyar, ba maganar teburin canji, to ki gama komai a tashar jirgi ko babban kanti kafin ku shiga, can akwai ɗakin jarirai har da ruwan zafin haɗa madara, kuma ki taho da ledar da za ki ƙulle famfas ɗin don kwandon shara a titin Japan sai an tona.