Kafin a ƙara matsin gas a tulun abin sha, a duba sanyi da yoyo

Tulun ƙarfe mai cin lita 19 da ake kira Cornelius, tun asali kamfanonin lemo na Amurka aka ƙera wa shi, daga baya masu haɗa giya a gida suka karɓe shi, kuma da shi ake sanya wa lemo ko zoɓo gas. Kowane irin abin sha ne a ciki, kuskuren da ake yi ɗaya ne: da an ɗanɗana an ji babu gas, sai a kai hannu kan ragileta, wato na'urar da ke daidaita matsin gas ɗin da ke fitowa daga silinda, a murɗa.

Galibi ba matsin ne ya gaza ba, sanyi ne bai kai ba. Iskar CO2, wato gas ɗin da ake sanya wa abin sha, ta fi narkewa a ruwa mai sanyi, shi ya sa giyar da ke digiri 3 zuwa 4 take ƙoshi da psi 12 (psi ma'aunin matsi ne) cikin mako ɗaya zuwa biyu, lemo kuma yakan nemi psi 30 ko fiye. Idan firizar da aka ajiye tulun a ciki ta kwana babu wuta, abin da ke cikin tulun ya ɗumama, to ko an ninka matsin, kumfa kawai famfo zai yi ta tofarwa.

Abu na biyu shi ne yoyo. A rufe bakin silinda, a bar tulun a haɗe, a dawo bayan 'yan sa'o'i. Idan allurar agogon da ke nuna matsi ta sauka, a shafa ruwan sabulu a bakin murfi da mahaɗar tiyo. Inda ƙananan ƙwayoyin kumfa suke tasowa ɗaya bayan ɗaya, nan ɓarakar take, kuma sau da yawa robar murfi ce ta bushe ta tsage.

Agogon da ke nuna matsin silinda yana ruɗar mutane, domin gas ɗin a matsayin ruwa yake a ciki, allurar kuma tana tsayawa wajen psi 830 a digiri 20 har sai ruwan ya ƙare, sannan ta faɗi. Wanda yake son sanin abin da ya rage, sai ya ɗora silindar a sikeli. Da zafi ya haura digiri 31, matsin cikakkiyar silinda yana hawa da sauri, saboda haka kada a bar ta a rana ko a cikin mota, a tsayar da ita a inuwa, a ɗaure ta da sarƙa.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne iskar nan ba ta da launi, ba a kuma jin warinta, ga ta da nauyi fiye da iskar da muke shaƙa, don haka takan kwanta a gindin firiza. Duk wanda ya sunkuya ciki ya ji jiri, ko numfashinsa ya fara sama-sama, ya ɗago nan take, a buɗe ƙofa da tagogi, a rufe silinda, kuma idan ya suma a fitar da shi waje a garzaya da shi asibiti.