Wainar farin ƙwai

Wainar farin ƙwai wainar ƙwai ce da ake soyawa da farin kaɗai, bayan an ware gwaiduwa. Abincin karin kumallo ce, kuma ta fi karɓuwa wurin masu son rage ƙiba, da matasa masu ɗaga ƙarfe don gina tsoka, da waɗanda likita ya ce su sassauta wa maiƙo. Daga fasa ƙwai zuwa sauke kasko ba ta cin minti 10. Wannan ne ya sa ta dace da zaman Legas, inda mazaunin Agege ko Mile 12 mai aiki a Victoria Island yake barin gida da an idar da sallar asuba, don ya riga cunkoson motoci hawa gadar Third Mainland.

Abin da ke cikin farin ƙwai

Farin babban ƙwan kaza ɗaya yana da nauyin kimanin giram 33. Kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran kuma furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 3.6. Kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) 17 kacal ke cikinsa, ba kitse, ba kolestarol, wato nau'in maiƙon da ke taruwa a jini. Gwaiduwa kuwa, duk da ƙanƙantarta, tana ɗauke da kalori wajen 55, da kitse kusan giram 5, da kolestarol miligiram 186. Farin ƙwai uku ke nan suna ba da furotin kusan giram 11 a kan kalori 51.

Sai dai gwaiduwa ba abar ƙyama ba ce. A cikinta bitamin A da D da E da yawancin B12 suke, da kolin mai amfani ga ƙwaƙwalwa. Tsoronta ya samo asali ne daga Amurka, inda Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta ƙasar ta ba da shawara a 1968 cewa kada a wuce ƙwai uku a mako. A 2015 ƙa'idojin abinci na gwamnatin Amurka suka janye iyakar miligiram 300 na kolestarol a rana, saboda an gane cewa ga yawancin mutane kitse mai daskarewa ya fi kolestarol ɗin abinci tasiri a jini. Don haka yaro mai tasowa da mai juna biyu babu dalilin hana su gwaiduwa. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya shi ne ya kamata ya bi abin da likitansa ya tsara masa.

Yadda ake soya ta

Wahalar farko tana wajen rabawa. Ana fasa ƙwan a tsakiya, a riƙa juya gwaiduwa daga rabin ɓawo zuwa ɗayan, farin yana zarewa cikin kofi. Wasu sun fi son zuba shi a tafin hannu mai tsabta, farin ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Sabon ƙwai gwaiduwarsa a dunƙule take tam. Wanda ya kwana biyu a kiret cikin zafi da laimar Legas kuwa, da an taɓa shi sai ta fashe ta gauraye. Dabarar ita ce a raba kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna kafin a juye a kwano, kada ɗaya ya ɓata sauran. Ƙwan da ya fito daga firiji ya fi sauƙin rabuwa.

Kayan haɗi kuwa su ne waɗanda manyan motoci ke saukewa kullum daga Arewa a kasuwar Mile 12: albasa, tumatir, tattasai, attaruhu. Ana ƙara lawashi, ko alayyafo, ko ganyen ugu da aka yanka siri-siri. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba su ɗanye cikin ƙwan. Farin ƙwai dama ruwa ne, tumatir ma ruwa ne, sai wainar ta fito jagab ta ƙi haɗe jikinta. Gara a matse 'ya'yan tumatir, a soya kayan sama-sama na minti biyu har ruwansu ya tsane, a kwashe a ajiye gefe.

Daga nan a kaɗa farin da cokali mai yatsu, da ɗan gishiri, har ya fara kumfa. A shafa wa kasko man girki ƙaramin cokali ɗaya, a rage wuta. Nan ne gwanintar take. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun daga zafin digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba shi da kitsen da zai tausasa shi, don haka wuta mai ƙarfi takan mai da shi kamar roba, gefensa ya ƙone alhali tsakiya bai nuna ba. Idan gefe ya yi fari, a ɗaga shi kaɗan a karkata kaskon, ɗanyen ya gangara ƙasa. Sai a zuba kayan lambun a rabi ɗaya, a rufe na minti guda, a ninke. Kasko marar kamu ya fi, domin farin ƙwai akwai son mannewa. A tabbatar ya nuna sarai, babu yauƙi: ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

A teburin mai shayi

Yawancin Hausawan Legas marasa iyali a kusa, 'yan kasuwa da masu gadi da 'yan acaɓa, a teburin mai shayi suke karyawa, a Idi-Araba ko Obalende. Can wainar ƙwai da gwaiduwarta ake yi, a kaɗa a kofin roba da albasa da attaruhu da dunƙule, a tsiyaya mai daga gora, a danna ta cikin burodin Agege. Mai son ta farin kawai zai iya cewa, "Malam, a cire min gwaiduwa," amma abin da ya fi muhimmanci ya ƙara da shi shi ne, "a rage mai." Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, ya zarce abin da ke cikin gwaiduwa biyu. Wanda ya cire gwaiduwa ya bar waina tana iyo a mai, ya bi da shayi mai madara da sukari, bai rage komai ba, bitamin kawai ya yi asara. Haka batun dunƙule yake ga mai hawan jini, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a yini.

Wasu gidajen sukan bi tsaka-tsaki: farin ƙwai uku da gwaiduwa ɗaya, wainar ta samu launi da ɗanɗano.

Ragowar gwaiduwa

Ba a zubar da ita, balle yadda kiret ɗin ƙwai ya yi tsada. Ana ƙara ta a wainar yara, ko a kwaɓin cincin da kek. A firiji, cikin rufaffen kofi da ɗan ruwa a kanta don kada ta bushe, takan kai kwana biyu. A unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa, a yi amfani da ita a ranar.