Ma'anar "Kilas Ten" da Abin da Take Faɗa Game da Memori Mai Arha

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai sayar da kayan waya a Sakkwato, a babbar kasuwa ne ko a gefen titin Ahmadu Bello, ya ji wannan kalma. Da ka tambayi memori, sai yaron shago ya zaro kwali ɗaya daga cikin waɗanda aka jera a jikin allo, ya miƙo maka ya ce, "Wanga kilas ten na, Alhaji, orijinal." Mai saye ya gyaɗa kai, ya biya, ya tafi da tunanin cewa an ba shi shaidar inganci gaba ɗaya. Wasu ma suna zaton kalmar tana nuni ga girman memorin, ko ga yawan shekarun da zai yi bai lalace ba. Kalmar tana da ma'ana guda ɗaya takamaimiya, kuma sanin ta ne yake raba mutumin da memori mai arha zai wadatar da wanda zai jawo wa asara.

A jikin katin, alamar tana zuwa ne a siffar harafin C babba da lamba 10 a cikinsa. Ƙungiyar da ke tsara dokokin katin SD, ainihin sunan wannan memori, ce ta fito da ita, wato SD Association, wadda kamfanonin Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a shekarar 2000. Matakan farko guda huɗu ne: 2 da 4 da 6 da 10. Kowace lamba tana faɗin mafi ƙarancin gudun da katin ya yi alkawarin zai riƙa karɓar bayanai da shi idan ana zuba masa su a jere ba tare da tsayawa ba, kuma ana auna wannan gudu da megabait a kowace daƙiƙa. Saboda haka kilas ten na nufin cewa katin ba zai yi ƙasa da megabait 10 a daƙiƙa ba yayin da ake rubutu a kansa. Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na farko, magana ce ta rubutu, wato shigar da bayanai cikin katin, ban da fitar da su. Na biyu, alkawari ne a kan iyakar ƙasa, kamar yadda ɗan ga-ruwa zai ce maka komai wuya ba zai gaza kawo maka jarka goma a yini ba.

Wannan ya bambanta da babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali, irin su 80MB/s ko 100MB/s, wadda ita ce ido ke fara faɗawa a kai. Galibi wannan lamba gudun karatu ce, wato saurin kwashe hotuna daga katin zuwa kwamfuta, kuma ita ce ƙololuwar abin da katin zai iya a yanayi mafi dacewa. Kati na iya karatu da megabait 100 a daƙiƙa, amma idan aka zo rubutu ya tsaya a 15. Akwai kuma tsohon salon da wasu kamfanoni ke amfani da shi, inda za ka ga an rubuta 633x. Kowane x ɗaya kilobait 150 ne a daƙiƙa, ma'aunin da aka gado daga zamanin faifan CD, don haka 633x ya kama kusan megabait 95, shi ma na karatu.

Da kyamarori suka ƙara ƙarfi, sai matakan nan huɗu suka gaza, aka ƙaro wasu alamomi. Akwai harafin U da lamba 1 ko 3 a cikinsa: U1 daidai yake da kilas ten, U3 kuma yana nufin megabait 30 a daƙiƙa. A 2016 aka fito da alamar V don masu ɗaukar bidiyo, daga V6 da V10 zuwa V30 da V60 da V90, kuma lambar da ke gaban harafin ita ce gudun kai tsaye. Idan ka ga C10 da U1 da V10 a jikin kati ɗaya, magana ɗaya ce aka maimaita sau uku. Alamar A1 da A2 kuwa ta shafi yadda katin ke tafiyar da manhajoji a wayar hannu, ba ta da wani tasiri a kan kyamara ko rediyo. Abin da wannan ke nunawa shi ne, kilas ten da ake tallatawa kamar wani babban matsayi a yau ita ce matakin da kusan kowane kati na gaske ke farawa daga gare shi.

Mu fara da na'urorin sauraro, domin a nan ne yawancin mutanenmu ke amfani da memori: ƙaramar rediyo mai ramin kati da dattawa ke ajiyewa a gefen tabarma, da sifikar da mai shayi ke ratayewa, da rediyon mota ko ta Keke Napep. Fayil ɗin MP3 da aka saba turawa yana tafiya ne da kilobit 128 a daƙiƙa, kuma tun da bit takwas ne ke yin bait ɗaya, wannan kilobait 16 ke nan kacal. Ko mafi ingancin MP3, mai kilobit 320, kilobait 40 yake buƙata. Kati mafi rauni, mai lamba 2, ya ninka buƙatar MP3 na yau da kullum fiye da sau ɗari. Bugu da ƙari, na'urar sauraro karatu kawai take yi, ba ta rubuta komai. Don haka idan karatun Alƙur'ani ko tafsirin azumi ko waƙa mutum zai zuba, memori mai arha na gaske zai yi masa aiki daidai da mai tsada, kuma sautin da zai fito ba zai bambanta ba ko kaɗan, domin katin lambobi yake miƙawa, daɗin sauti kuwa yana ga fayil ɗin da kuma sifikar. Awa ɗaya ta irin wannan MP3 ba ta kai megabait 60 ba, wanda ke nufin memori mai gig 8 zai ɗauki fiye da awa 120. A ganina ɓarnar kuɗi ce a sayi V30 don a sa a rediyo.

Inda mai rediyo ke gamuwa da matsala wani wuri ne dabam, kuma sau da yawa akan ɗora wa arhar katin laifin da ba nata ba. Katunan SD sun kasu bisa girma: na asali ya tsaya a gig 2, SDHC da ya fito a 2006 ya kai gig 32, sannan SDXC da ya zo a 2009 ya fara daga sama da haka har zuwa terabait 2. SDHC yana zuwa da tsarin ajiya da ake kira FAT32, SDXC kuma da exFAT, kuma ƙananan rediyoyi da yawa ba su san exFAT ba. Sai mutum ya sayi gig 64 mai kyau, ya sa a rediyo, ta yi shiru, ya koma shago yana faɗa cewa an ba shi jabu, alhali da gig 16 ko 32 ya saya da ta karanta nan take. Jinkirin kati mai arha ba ya bayyana sai a wurin mai turi, lokacin da kake tsaye kana jiran a cika maka shi, domin a nan ne kaɗai ake rubutu a kansa.

Kyamara kuwa aikinta gaba ɗaya rubutu ne, kuma rubutun da ba ya jira. Idan ana ɗaukar bidiyo, hotuna suna kwarara daga idon kyamarar zuwa wata ƙaramar ma'ajiya ta wucin gadi da ke cikinta, daga nan kuma su gangara zuwa katin. Ka ɗauke ta kamar mazurari da ake zuba mai ta cikinsa zuwa jarka: idan bakin jarkar ya fi ƙanƙanta da yawan abin da ake zubowa, mazurarin zai cika, kuma da ya cika sai kyamarar ta tsayar da ɗauka da kanta. Bidiyon 1080p na tsarin AVCHD, wanda tsofaffin kyamarorin masu ɗaukar biki da yawa ke amfani da shi, ba ya wuce megabit 28 a daƙiƙa, wato megabait uku da rabi, kuma kilas ten na gaske zai ɗauke shi ba tare da wahala ba. Amma bidiyon 4K mai megabit 100 yana buƙatar megabait 12 da rabi a kowace daƙiƙa, ya riga ya haura alkawarin kilas ten, shi ya sa kamfanin Sony ke sharɗanta U3 ga wannan mataki a kyamarorinsa, har wasunsu ba sa yarda su fara ɗauka idan katin bai kai ba.

Na ga wannan da idona a wani ɗaurin aure a Mabera. Wani ƙanina da ke sana'ar ɗaukar bidiyo ya samu sabuwar kyamara, ya sa mata memorin da ya saba amfani da shi a tsohuwar, ya gwada na ɗan lokaci a gida ya ga komai lafiya. Ana tsakiyar siga, waliyyin amarya yana magana, sai jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka ya ɓace daga allon. Ya sake dannawa, ta ɗauki ƙasa da minti ɗaya ta sake tsayawa. Na ga yadda gumi ya keto masa a ƙarƙashin hula, domin ɗaurin aure ba abin da ake cewa liman ya maimaita ba ne. Katin ba jabu ba ne, kilas ten ne na gaske, an dai ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin alkawarinsa. Gwajin da ya yi a gida bai tona matsalar ba saboda gajere ne, mazurarin bai kai ga cika ba.

Haka abin yake ga mai ɗaukar hoto. Hoto ɗaya ɗaya na JPEG, irin na situdiyo ko na fasfo, kowane kati zai ɗauka. Amma wanda ya tsaya a Kanwuri ranar Sallah yana son ya kama dawakai suna wucewa, ya danne maɓalli kyamara tana harba hotuna a jere, kowane ɗaya a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai kimanin megabait 25, zai ga bambancin nan da nan. Hotuna ashirin megabait 500 ne. Katin da ke rubutu da megabait 10 zai shafe daƙiƙa 50 kafin ya gama haɗiye su, fitilar kyamara tana ta ƙyaftawa, mai V30 kuma zai gama cikin ƙasa da daƙiƙa 17. Ingancin hoton ɗaya ne a katunan biyu, abin da ake rasawa shi ne hotunan da ba a samu damar ɗauka ba a lokacin jiran.

Babban haɗarin da ke tattare da arha a kasuwarmu ya wuce jinkiri. Alamar C10 tawada ce, kuma mai yin jabu yana buga ta kamar yadda yake buga sunan kamfani. A cikin kowane kati akwai ɓangaren ajiya da kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa na'ura girman katin. Masu jabu suna sauya bayanin wannan ƙwaƙwalwa, sai kati mai gig 8 ya riƙa cewa shi gig 128 ne, kuma waya da kwamfuta duk su gaskata shi. Kamar mudun da aka buga gindinsa ne, daga waje cikakke, cikinsa kuwa an rage. Irin wannan kati yana aiki lafiya har sai an cika ainihin girmansa, daga nan sai sabbin bayanai su hau kan tsofaffi ko su ɓace, sunayen fayil suna nan a jere amma ba sa buɗuwa. Ga mai rediyo asarar kaɗan ce, zai koma wurin mai turi. Ga mai kyamara kuwa bikin mutane ne ya tafi, kuma a nan ne maganar Hausawa ta cewa arha ba ta ado take da nauyi.

Hanyar ganewa tana nan, kuma kyauta ce. Manhajar H2testw ta kwamfuta mai Windows tana cika katin da bayanai har baki, sannan ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ainihin girmansa da gudun rubutunsa. Takan ɗauki lokaci, wani sa'in awanni idan katin babba ne, kuma ana yin gwajin ne tun katin yana sabo, kafin a zuba masa wani abu mai muhimmanci. Sai dai kada a ruɗe da ƙaramin giɓin da ake gani a kowane kati: gig 64 yakan nuna kusan 59 a kwamfuta, gig 32 kuma kusan 29, saboda kamfani yana lissafi da dubu ɗaya, kwamfuta kuma da 1,024. Wannan ba cuta ba ce.

Zafin Sakkwato, wanda ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, bai cika zama barazana ga kati na gaske ba, domin manyan kamfanoni suna ƙera nasu ya yi aiki har zuwa digiri 85. Ƙurar hunturu da yawan zarewa da mayarwa sun fi yi masa illa, musamman ƙaramin microSD da ake sakawa cikin gidansa na roba don ya shiga kyamara, inda kowane haɗi wuri ne da matsala ke iya ɓullowa. Mai kyamara zai fi samun kwanciyar hankali da cikakken katin SD, ya duba littafin kyamararsa ya ga alamar da aka sharɗanta, ya yi wa katin fomat a cikin kyamarar kanta bayan ya kwashe aikinsa, kuma kada ya zare shi fitila tana ƙyaftawa. Ƙanin nan nawa yanzu katunan V30 guda biyu masu gig 64 yake ɗauka zuwa kowane biki, ya canza ɗaya bayan ɗaurin aure kafin a shiga walima, tsohon kilas ten ɗin kuma yana cikin rediyon mahaifiyarmu, cike da karatu, shekara ta biyu ke nan.